Yada Kunya: Labarin Waɗanda Suka Zauna da Masu Jinya

A ranar murna irin wannan al'adarmu ce mu ƙidaya majami'u da makarantu da asibitoci, mu ambaci wanda ya kafa harsashin kowane ɗaya. Wannan daidai ne, ba ni da ja. Amma 'yan shafunan da aka ba ni cikin wannan ɗan littafi ina so in ba da su ga waɗansu mutane da ba su gina wani abin da za a auna da igiya ba. Aikinsu zama ne. Sun zauna kusa da mazajen da cuta ta raba da gidajensu, wata da watanni, shekara da shekaru, yawancinsu ba albashi, har mutum ya warke ya tashi. Wurin da suka yi wannan aiki shi ne gidajen kutare na ƙasar Hausa. Na san kalmar nan tana da zafi a kunne, yau kuwa mu kan ce masu cutar kuturta, amma sunan da a ke kiran wuraren da shi ke nan a zamaninsu.

Bari mu fara da yadda cutar ta ke a wurin kakanninmu. A ƙasar Hausa ba a cika korar kuturu zuwa daji ba kamar yadda a ke yi a waɗansu ƙasashe. Yana zaune cikin gari, manyan birane ma suna da unguwar kutare da Sarkin Kutare mai sasanta tsakaninsu. Har a kan ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. To, amma nawa ne masu kuɗin? Talaka idan tabo ya fito masa ya kan ɓoye shi ƙarƙashin riga muddin ya iya. Ran da abin ya bayyana sai a ware masa ƙwaryarsa da akushinsa, surukai su fara neman a raba aure, maƙwabta su shiga raɗa, wannan ya ce kifi ya haɗa da nono, wancan ya ce rantsuwar ƙarya ce ta kama shi. Sa'ad da yatsu suka kasa riƙe fartanya kuwa, sai bara. Tun cikin 1873 wani likita a ƙasar Norwe mai suna Hansen ya ga ƙwayar cutar da madubin likita, aka tabbata ba kifi ba ne, ba kuwa rantsuwa ba. Amma labarin ya daɗe bai iso ƙauyukanmu ba, har yau ma akwai inda bai gama isa ba.

Yadda Mishan ta shiga wannan aiki abin mamaki ne. Cikin 1900 Bishof Tugwell da abokansa na C.M.S. suka iso Kano, Sarki Aliyu ya sallame su bayan 'yan kwanaki. Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato cikin 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawari ba zai taɓa addininsu ba, saboda haka su Razdan da Di'o suka tsare ƙofa. Likita Miller ya sami wurin zama a Zariya cikin 1905, amma sauran manyan garuruwa suka zama a rufe. Mishan ɗin da a ke kira S.I.M., wadda mutanenta uku na fari suka sauka Ikko cikin 1893, ta yi shekara arba'in tana kewaya ƙasar Hausa ta gefe. Kada kalmar Sudan da ke cikin sunanta ta ruɗe ku. A zamanin nan dukan ƙasar baƙar fata da ke kudu da Sahara, daga Kwara har Nilu, Sudan a ke ce mata. Can gabas ma, inda 'yan'uwanmu Hausawa su ke zaune a Mai Wurno da ƙauyukan Jazira kewaye da Wad Madani, dokar Ingilishi iri ɗaya ce, ba a yarda Mishan ta yi wa'azi cikin Musulmi ba.

Ƙofar da wa'azi bai buɗe ba, cuta ce ta buɗe ta. Cikin 1924 aka kafa wata ƙungiya a London mai suna B.E.L.R.A. domin yaƙi da kuturta a ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila. Cikin 1929 Mishan ɗin 'Yan'uwa ta buɗe gidan kutare a Garkida. En'e-En'e na sarakuna su ma sun keɓe nasu wurare, suka gina ɗakuna, suka ba da hatsi. Abin da ya yi wuyar samu shi ne mutumin da zai yarda ya zauna a ciki.

A nan ne masu aikin sa kai na fari suka shigo labarin. Akwai wani limamin sojan Ingila, P. B. Clayton, wanda a lokacin Babban Yaƙi na fari, cikin 1915, ya buɗe wani gida a garin Poperinge na ƙasar Beljiyam, inda soja zai huta ya sha shayi ya rubuta wa gida wasiƙa, ba a tambayar muƙaminsa. Daga gidan nan ƙungiyar Toc H ta fito. A farkon shekarun 1930 Clayton ya ziyarci Nijeriya, ya ga kutare a Kano, abin ya tsaya masa a rai. Da ya koma gida ya yi kira ga samarin ƙungiyarsa, cikin 1935 kuwa na fari suka taso ta hannun B.E.L.R.A. Su ba likitoci ba ne, ba kuwa fastoci ba. Mutane ne masu sana'ar hannu da ta ofis, suka zo suka koyi yin allura, suka lura da gona da gini da rabon abinci. Abin da nike so ku lura da shi, tunanin da ya kawo su tunanin gidan soja ne, watau mutumin da ke cikin wahala yana bukatar wurin da za a ɗauke shi mutum kafin a ɗauke shi majinyaci.

Cikin 1937 aka shirya tsakanin Gwamnati da En'e da S.I.M., Mishan ta karɓi aikin kutare na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato. Albert Helser, wanda ya riga ya yi aiki a Garkida, yana cikin waɗanda suka ja gaba. En'e ta ba da fili da kuɗi, masu bi na Amurka suka ƙara nasu. Na Katsina yana Babbar Ruga, na Sakkwato yana Amanawa, na Kano kuwa yana Yadakunya. Daga baya, cikin 1956, aka buɗe na Danja kusa da Maraɗi a ƙasar Nijar. Ku sake karanta sunan nan na Kano a hankali. Yada kunya. Ni dai ban san wa'azin da ya fi waɗannan kalmomi biyu dacewa da mutumin da ya yi shekara biyar yana ɓoye hannunsa cikin riga ba.

To, yaya zaman ya ke? Kada ku zaci irin asibitin yau ne, inda mutum zai kwana bakwai a sallame shi. Maganin zamanin nan wani mai ne da a ke matsewa daga 'ya'yan wani itace na ƙasar Hindu, a ke kira calmugra. Da allura a ke ba da shi, cikin tsoka da cikin fata a kan tabon, yana da zafi ƙwarai, wurin ya kan kumbura. Ga shi kuma ba kowa ya ke yi wa aiki ba. Mutum zai yi shekara uku, ko biyar, ko fiye, yana jiran a ce masa cutar ta kwanta. Saboda haka gidan ya zama gari sosai. Akwai gonaki, kowane mai ƙarfi da tasa. Akwai masu saƙa da masu gini da masu jima. Akwai mai unguwa daga cikin majinyata, akwai aji na yara da na manya.

Turawan da ke wuri ɗaya ba su wuce 'yan kaɗan ba, majinyata kuwa ɗaruruwa ne. Lissafin a fili ya ke. Likita zai ga mutum na 'yan mintoci ran allura, sa'an nan saura kwana da wuni na mako duka. Wa ke tare da shi? Majinyaci ɗan'uwansa ne, wanda ya riga shi zuwa. Shi ke tarye shi ran da ya iso da 'yar tabarmarsa, ya nuna masa ɗaki da rijiya. Shi ke riƙe masa kafaɗa ran allurar fari. Daren da zazzaɓi ya taso, jijiyoyi suka yi zafi, baƙon ya ce gobe da asuba zai gudu gida, shi ke zama bakin tabarma yana ba shi magana har gari ya waye. Ran da labari ya zo alƙali ya raba aurensa, shi ke ci da shi cikin akushi ɗaya. Daga cikin irin waɗannan aka sami masu allura da masu wanke miki da malaman aji. Waɗansu an ba su ɗan abin sabulu. Amma zaman dare ba wanda ya biya shi, ba kuwa wanda ya rubuta shi cikin rahoto.

Akwai wani dalili na cutar kanta da ya sa wannan zama ya zama tilas. Dā mutane suna tsammani cutar ce ke cin yatsu. Likita Paul Brand, wanda ya yi aiki a Vellore ta ƙasar Hindu tun 1946, ya nuna cewa yawancin ɓarnar ba haka ta ke zuwa ba. Cutar tana kashe jijiyar da ke jin zafi. Mutum zai ɗauki tukunya daga wuta bai ji ba, zai taka ƙaya ya wuni a gona da ita, ɓera zai ci masa yatsa yana barci. Miki ya ruɓe, ƙashi ya lalace, yatsa ya gajarce. Maganin wannan ba ya cikin kwalba. Sai a jiƙa ƙafa cikin ruwa kowace rana, a kankare kanta, a shafa mai, a sa takalmi, a duba tafin ƙafa da yamma. Wanda idonsa ya raunana, ko bayansa ba ya lanƙwasuwa, ba shi iya duba tafin ƙafarsa da kansa. Sai wani ya durƙusa ya duba masa. Duk wanda ya karanta sura ta fari ta Bisharar Markus ya san Ubangijinmu ya taɓa kuturu da hannunsa, alhali yana da iko ya warkar da shi daga nesa. A Amanawa da Babbar Ruga da Yadakunya an yi wannan taɓawa kowace yamma, masu yinta kuwa su ma kutare ne.

Ba zan ɓoye muku abin da ba shi da daɗin ji ba, gama ranar murna ba ranar ƙarya ba ce. Mutanen da suka zo gidajen nan magani suka zo nema, yawancinsu Musulmi ne, da yawa kuma Musulmi suka koma gida. Sarakuna sun yi ƙara fiye da sau ɗaya cewa ana yi wa talakawansu wa'azi a wurin da En'e ke biyan kuɗinsa. Ni a ganina ƙarar nan ba ta rasa tushe ba. Mutumin da lafiyarsa da tuwonsa su ke hannunka, in ka kira shi sujada, da wuya ya ce a'a, ko da ba ka tilasta shi ba. Har wa yau an raba jarirai da iyayensu mata, aka kai su ɗakin reno don kada su kamu. Da kyakkyawar niyya aka yi, amma uwaye sun yi kuka, yanzu kuwa mun sani mutum 95 cikin 100 jikinsu ba ya karɓar cutar ko kaɗan. Shi ya sa na ke ganin shaidar ɗan'uwa majinyaci ta fi ta ofis tsabta. Shi ba shi da allura a hannu, ba shi da mabuɗin rumbu. In ya karanta maka Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga cikin 1932, kana da iko ka ce masa ya isa, gobe kuma ya zo ya duba maka ƙafa.

Mutum ɗaya daga cikin irin waɗannan sunansa ya tsira, ko da ya ke ba Bahaushe ba ne. Ikoli Harcourt Whyte mutumin Abonnema ne a bakin teku, an haife shi cikin 1905, cutar ta kama shi yana yaro. Cikin 1932 aka kai shi gidan kutare na Uzuakoli a ƙasar Ibo. Da aka ba shi takardar sallama ya ƙi tafiya. Ya zauna ya koya wa majinyata waƙa, ya tsara waƙoƙin sujada fiye da 200 da harshen Ibo, ya rasu cikin 1977. Luka ya ba da labarin kutare goma da aka warkar, ɗaya kaɗai ya komo. Namu na Arewa da suka komo, ko suka ƙi tafiya, suna da yawa, sai dai rahotannin da a ke aikawa Toronto da London sunayen Turawa suka fi ɗauka.

A Uzuakoli ɗin nan kuma aka gwada abin da ya canja kome. A ƙarshen shekarun 1940 Likita John Lowe ya nuna cewa wata ƙwaya mai araha, dafson, in an ba da ita kaɗan kaɗan ta baki, tana kashe cutar. Cikin shekarun 1950 Likita Ross ya baza ta a Jihar Arewa, aka buɗe ɗakunan shan magani a ƙauyuka, mutum ya zo sau ɗaya a mako ya haɗiye ƙwayarsa ya koma gona. Aka fara sallamar mutane da yawa, ana bikin ba da takarda da kiɗa da waƙa.

Sai aka tarar fita ta fi shiga wuya. Takarda ta ce ka warke, amma yatsun da suka tafi ba su komo ba, mutanen ƙauye kuwa hannu su ke dubawa, ba su duba takarda. Wani ya tarar an rabe gonarsa, matarsa tana ɗakin wani. Wanda ya karɓi bangaskiya kuwa kayansa biyu ne. Waɗansu suka yi mako guda a gida suka juyo, shi ya sa har yanzu za ka ga ƙauyuka a gefen tsofaffin gidajen nan. A nan ma abokin zama ne ya yi aiki. Shi ya kan raka mutum gida, ya gaisa da mai gari, ya sa hannu cikin akushinsa a gaban jama'a don kowa ya gani. Waɗansu da suka koyi karatu da aikin magani aka ba su ɗakin shan magani a ƙauye, da safe ƙwaya, da yamma aji. Ikilisiyoyi da yawa na ƙasar Kano da Katsina da Sakkwato, in ka bi saiwarsu, za ka iske ta a can.

Sauran labarin gajere ne. Cikin shekarun 1970 Gwamnati ta karɓi asibitocin Mishan na Arewacin Nijeriya. Cikin 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo magani mai haɗin ƙwayoyi, wanda ke warkarwa cikin wata 6 zuwa 12, tun 1995 kuma kyauta a ke ba da shi. Cutar ba ta ƙare ba, har yanzu a kan sami sababbin kamu fiye da 150,000 a duniya kowace shekara, amma ba mai bukatar barin gidansa shekara biyar saboda ita.

Yanzu wata cuta ce ke raba samarinmu da gidajensu. Binciken da Gwamnatin Nijeriya ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya cikin 2018 ya sami mutum miliyan 14.3 da suka sha miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. A shekarar nan aka hana maganin tari mai kodin. Iyayen da suka rasa yadda za su yi su kan kai ɗa gidan mari. Cikin watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fitar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, waɗansu da sarƙa a ƙafa. Kada mu nuna wa kowa yatsa, gama an sami gidajen addu'a na Kirista su ma suna ɗaure mutane. Ga kunya iri ɗaya, ga raɗa iri ɗaya, ga wahalar komawa gida iri ɗaya. Mashayi ma wani irin rashin jin zafi ke damunsa, ba ya ganin mikinsa sai wani ya nuna masa. Waɗanda suka daɗe cikin wannan aiki sun san haka. Jerry McAuley, wanda ya buɗe gidan ceton mashaya a birnin New York cikin 1872, shi kansa tsohon ɗan kurkuku ne, mashayi, wanda ya faɗi ya tashi sau da dama bayan tubarsa. Gidajen farfaɗowa da masu bi ke buɗewa yau suna da gado da dokoki da mai ba da shawara. Abin da su kan rasa shi ne dattijon da zai zo kowane mako, ba don an aike shi ba, ya zauna da mutum ɗaya, ya kuma raka shi gida ran sallama.

Sa'ad da nike yaro a makarantar Mishan akwai wani tsoho cikin ikilisiyarmu wanda ya fito daga ɗaya cikin gidajen nan. Da dungu ya ke buɗe Littafi, ya kan lasa shi ya tura shafi. Wata rana na ce, “Baba, wa ya koya maka karatu?” Ya ce wani Bakatsine ne da tabarmarsa ke kusa da tasa, shekara uku yana duba masa ƙafa kowane dare, in sun gama sai su ɗauki allo. Aka sallami Bakatsinen kafin shi, ya tafi, ba su ƙara saduwa ba.

A lokacin nan akwai wani saurayi a unguwarmu da burkutu ta ci ƙarfinsa, har ubansa ya hana shi shiga gida. Tsohon nan ya shimfiɗa masa tabarma a zaurensa. Kowace yamma za ka gan su zaune, sau da yawa ba mai cewa kome, tsoho yana jiƙa ƙafa cikin kwano, saurayi yana ɓare masa gyaɗa. Sau uku da na sani saurayin ya koma mashaya, sau uku tsoho ya dogara sanda ya je ya zo da shi. Dattawan ikilisiya sun ce yana ɓata lokacinsa. Tsohon ya rasu cikin damina, saurayin bai cika wata huɗu da barin sha ba. Shi ya fara sa diga a kabarin.